Bakin Burtali: Yadda Aka Raɗa wa Fili Suna Aka Kuma Shata Hanyar Dabbobi a Gefen Damagaram

Lamarin da zan bayyana a nan ya faru ne a wata ƙaramar hukuma da ke jingine da birnin Damagaram a Jamhuriyar Nijar, a zamanin majalisun da aka zaɓa a watan Disamba na 2020, kafin mahukuntan soja su rushe su a watan Afrilu na 2024 su naɗa kantomomi a madadinsu. Ba zan ambaci sunan ƙaramar hukumar ba, haka nan ba zan ambaci mutanen da abin ya shafa ba, domin galibinsu suna raye, muna haɗuwa da su a masallaci da wurin suna da wurin jana'iza, kuma sulhun da aka samu tsakaninsu ya fi ƙarfin a sake tono wa wani asiri. Na san lamarin daga kusa, saboda ni malamin makaranta ne a wurin, kuma mai unguwarmu ya ɗora mini nauyin rubuta bayanin tarurrukan da aka yi a ƙofar gidansa, daga baya kuma na halarci zaman majalisar da aka yanke hukunci a cikinsa, kasancewar zaman majalisa a buɗe yake ga duk ɗan ƙasa da yake son ya saurara.

Filin da ake magana a kansa kwari ne mai faɗi, da tapki a tsakiyarsa wanda yake cika da damina ya riƙe ruwa har sanyi ya yi nisa, da tsofaffin gawo a warwatse, da kuka biyu, da irin manyan duwatsun nan da suke kwance kan juna kamar yadda ake ganinsu ko'ina a kewayen Damagaram. Ta gefensa na arewa wata hanyar dabbobi ta ratsa, wadda take gangarowa daga wajajen Damargu ta nufi kudu. Idan gwamna ya sanar da ranar sakin gonaki bayan an kwashe hatsi, garken shanu da tumaki da raƙuma suna bin wannan hanya, su tsaya su sha a tapkin, su kwana ɗaya ko biyu, su wuce. A sauran watannin shekara masu amalanke ne ke binta, da matan rugage masu kawo nono da fura kasuwa, da masu buga tubali da ke ɗibar laka a bakin tapkin, da yara masu buga ƙwallo a inda ƙasa ta yi tauri. Babu allo, babu shinge, babu wata takarda da ta san da zamansa. Amma idan ka ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ka Bakin Burtali, ba zai tambaye ka kwatance ba.

Abin da ya tayar da maganar filin shi ne gari ya cim masa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 300 a birnin Damagaram, kuma tun daga lokacin birnin bai daina faɗaɗa ba. Bayan ayyukan gyaran gari na Zinder Sabuwa, waɗanda aka yi domin bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba na 2018, sha'awar mallakar fili a bayan gari ta ƙaru, yankan filaye ya riƙa matsowa gona bayan gona, har ya zamana daga bakin tapkin ana hango sababbin katangun bulo. Matasan fadojin unguwa, wato majalisun hira na samari, su ne suka fara farga. Sun ga cewa idan ba a yi wani abu ba, wata rana za su wayi gari su tarar an kafa turaku a inda suke wasa, saboda haka suka haɗa kai suka rubuta wa magajin gari takarda suna roƙon a keɓe wurin ya zama filin shaƙatawa na jama'a, a dasa itatuwa, a sa kujerun siminti, a gyara filin ƙwallo. Buƙatar ta yi daidai da abin da ke cikin tsarin raya ƙaramar hukumar, majalisa ta karɓe ta da hannu biyu, aka sa ma'aikacin fasaha ya zana taswira, aka kuma ce a koma wa jama'a su ba da shawarar sunan da za a raɗa wa wurin.

A nan ne aka shafe watanni. Taro uku muka yi a ƙofar gidan mai unguwa, kuma littafin da na rubuta bayanansu yana nan a hannuna: daga shafin farko zuwa na ƙarshe maganar suna ce. Iyalan wani attajiri da ya rasu, mutumin kirki wanda ya gina masallaci ya kuma taimaki marayu da dama, sun aiko cewa za su ɗauki nauyin shinge da haƙa rijiyar burtsatse idan aka sa wa filin sunan mahaifinsu. Mutane da yawa sun goyi bayan wannan, kuma ba don kwaɗayi ba. Sun san asusun ƙaramar hukumar, sun san harajin da ake tarawa da ƙyar yake biyan albashin ma'aikata, sun san kuma cewa filin da ba shi da shinge da ruwa suna kawai zai ci. Matasa kuwa sun tsaya kai da fata a kan a ɗauko suna daga tarihin Damagaram. Wasu suka ce Tanimun, sarkin da ya gina ganuwar Birni ya kuma ɗaukaka daular a ƙarni na 19. Wasu suka ce Amadu Kuran Daga, wanda ya fuskanci sojojin Faransa a Tirmini a 1899. Hujjarsu ita ce yaro da ya tashi yana wasa a fili mai sunan jarumi, wata rana zai tambayi wane ne mai sunan. Ɓangare na uku, waɗanda suka fi kowa ƙarancin magana, dattawa ne ƴan kaɗan da suke cewa wurin yana da sunansa tun kafin a haife su, ba su ga dalilin yi wa babba zanen suna ba.

Ya kamata a fahimci dalilin da ya sa maganar suna take da nauyi haka a Damagaram. Gari ne da ya ɗanɗani sunan da aka ɗora masa daga waje. Barikin da Faransawa suka gina a kan dutse sun sa masa sunan Kazmaju, hafsansu da aka kashe a garin a 1898, sai bayan samun ƴancin kai aka mayar da shi sunan Tanimun. Babbar makarantar sakandaren garin tana ɗauke da sunan Amadu Kuran Daga, jami'ar kuma an sa mata sunan Andre Salifu, ɗan garin da ya rubuta tarihin daular Damagaram ya kuma jagoranci babban taron ƙasa na 1991. Duk wanda ya girma a nan ya san cewa sauya suna wata hanya ce ta ƙwato mutunci. Amma akwai wani rukunin sunaye da suka fi waɗannan tsufa da daɗewa a baki, sunayen da suke gaya maka abin da ake yi a wuri: Birni, inda fada take a cikin ganuwa, Zango, inda ayarin fatake da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Agadas har zuwa Tarabulus suke sauke kaya, Garin Malam, Kasuwar Dole. Shi kansa garin sunansa biyu, Zinder a takarda da taswira, Damagaram a bakin Bahaushe. Bakin Burtali yana cikin wannan rukuni na biyu, kuma a tarurrukan nan uku ba wanda ya lura, har da ni da nake riƙe da alƙalami, cewa irin wannan suna yana iya zama shaida a gaban hukuma.

Duk tarurrukan an yi su ne da damina, lokacin da makiyaya suke can arewa, sun yi nisa da gonaki kamar yadda al'ada da doka suka tanada. Babu wanda ya hana su zuwa, amma babu kuma wanda ya tuna da su. Taswirar da ma'aikacin fasaha ya zana an manna ta a bangon ofis, rubutunta duk da Faransanci, kuma ta nuna shingen zai kewaye tapkin gaba ɗaya, ya haɗiye gefen arewa inda dabbobi ke gangarowa su sha. Wata dattijuwa mai tallan nono ce ta ji labari a gidan da take kai wa fura, ta kai shi ruga. Bayan ƴan kwanaki, muna zaune bayan sallar la'asar, sai ga wani tsohon Bafulatani, wakilin makiyayan da ke bin wannan hanya, ya yi sallama, ya tuɓe takalmansa, ya tsuguna gefen tabarma. Da aka gama gaisuwa sai ya ɗauki sandarsa ya ja layi biyu a kan rairayi, ya zana da'ira a gefensu, sannan ya ja wani layi ya datse na farkon. Ya ce: "Allah ya ja zamaninka, mun ji za a yi shinge, kuma ba mu ƙi yara su sami wurin wasa ba. Amma saniya hanyar da uwarta ta bi ita take bi. In ta zo ta tarar an rufe, ga ƙishirwa, ga ƙamshin ruwa, gonar da ke kusa za ta faɗa. Ranar nan ni da kai za a kira." Mai unguwa ya daɗe yana kallon zanen da ke ƙasa, sannan ya ce: "Baba, ka yi gaskiya, mun yi tuya mun manta da albasa." Ya juyo gare ni ya ce in rubuta, washegari kuma mu tafi wurin magajin gari tare.

Maganar tsohon ba barazana ba ce, kowa a wurin ya san abin da toshe burtali yake haifarwa. A Nijar har yau ana tuna Toda, a jihar Maraɗi, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Dokokin da suka shafi wannan fanni a ƙasar an gina su ne a kan irin wannan tsoro. Tun 1961 aka yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, aka bar abin da ke bayanta domin kiwo. A watan Maris na 1993 aka fitar da kundin dokokin karkara, wanda ya bayyana cewa hanyoyin dabbobi da burtaloli dukiyar jama'a ce da ke ƙarƙashin kulawar gwamnati ko ƙananan hukumomi, makiyaya suna da haƙƙin amfani da su tare, ba mai ikon mayar da su nasa. A watan Mayu na 2010 aka ƙara da dokar kiwo, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Kundin 1993 ne kuma ya haifar da kwamitocin filaye, waɗanda mutane ke kira Kofo, kuma Mirya, maƙwabciyar Damagaram, tana cikin wuraren farko da aka gwada su. Akwai Kofo na ƙauye da mai gari ke shugabanta, akwai na ƙaramar hukuma a ƙarƙashin magajin gari, akwai na gunduma a ƙarƙashin perefe, kuma a cikinsu ana samun jami'an noma da na kiwo da na gandun daji, da sarakuna, da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Ma'anar wannan duka ita ce majalisa, ko da niyyarta ta alheri ce, ba ta da hurumin kewaye burtali ta mayar da shi lambun shaƙatawa.

Magajin garin ya saurare mu, kuma ya kamata a yaba masa da cewa bai ɗauki maganar a matsayin cin fuska ba. Ya dakatar da batun suna, ya miƙa lamarin ga Kofo. Sai dai da sakataren Kofo ya duba kundinsa, sai aka tarar wannan burtali ba a taɓa rubuta shi ba, ba a taɓa auna shi ba, ba a kafa masa turaku ba. Doka tana kare burtali, amma sai an tabbatar da inda ya fara da inda ya ƙare, kuma a inda babu takarda, abin da ake dogara da shi shi ne shaidar dattawa da alamun da ke ƙasa.

An sa ranar zagayawa bayan an yi girbi. Mun fita da sassafe, da jami'in kiwo, da na gandun daji, da wani matashi riƙe da na'urar auna wuri, da masu gari biyu, da wakilin makiyaya, da manoman da gonakinsu ke maƙwabtaka da hanyar. Daga arewa aikin bai yi wuya ba, domin tsohon shingen aguwa yana nan a tsaye ta ɓangarori biyu, ya yi kauri, ya nuna faɗin hanyar yadda kakanni suka bar ta, inda garke zai wuce ba tare da an matsu ba. Da muka matso kusa da tapkin sai aguwar gefe ɗaya ta ɓace, hanyar ta tsuke har ta koma kamar ta amalanke ɗaya, karan gero yana tsaye a inda ya kamata a ce ƙasa ce tattakakkiya. Mai gonar yana nan, magidanci ne mai iyali da yawa, ya ce shi a nan ya buɗe ido ya ga mahaifinsa yana noma, bai san wani burtali da ya kai nan ba. Murya ta fara tashi. Ɗaya daga cikin masu garin, tsoho ne da ba ya gani sosai, ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya tambaye shi cikin taushin murya: "Ɗana, gonakinka biyu ne, na sani. In za ka aiki yaro ya kai abinci wannan, ka ce masa ya kai wace gona?" Mutumin ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya, domin amsar ita ce gonar Bakin Burtali, kuma duk wanda ke wurin ya san haka yake kiranta. Ba wanda ya yi dariya. Tsohon ya sa aka tona ƙasa a ƴan wurare cikin gonar, aka ci karo da ruɓaɓɓun kututturen aguwa a jere, layinsu ya miƙe daidai da wanda muka baro a arewa.

Ba na son a ɗauki wannan manomi a matsayin azzalumi, domin ba shi ba ne. Gonar da kakansa ya noma shi kaɗai yanzu an raba ta gado sau biyu, ƙasa ta gaji, bakunan ci sun ƙaru, kuma kowace shekara kunya ɗaya ko biyu ake ƙarawa ta gefen da ba a ga mai shi ba, har a wayi gari hanya ta ɓace ba tare da wani ya taɓa niyyar cinye ta ba. Haka burtaloli da yawa suke mutuwa a kudancin jihar Damagaram, inda jama'a suka fi yawa. An yi sulhu a gaban sarakuna, kamar yadda doka ta ba su ikon sasantawa kafin a kai ga alƙali, aka rubuta takardar sulhu, shi ya amince ya janye zuwa tsohon layin aguwa, makiyaya kuma suka ɗauki alkawarin kwana a gefen duwatsu nesa da gonaki, har ma wakilinsu ya ce in ana so za su riƙa kwantar da shanu a gonarsa bayan girbi domin ta sami taki, irin tsohuwar ma'amalar da ke tsakanin manomi da makiyayi tun fil azal.

Da majalisa ta koma zamanta na wata uku-uku, maganar suna ta dawo, amma ta dawo da wata fuska. Sarkin yankin, wanda doka ta ba shi kujera a majalisa domin ba da shawara ko da yake ba ya jefa ƙuri'a, ya faɗi abin da ya faru ranar zagayawa, ya ce sunan da ya tsaya wa wurin shaida a ranar da ba shi da takarda bai cancanci a share shi ba. Wani kansila ya yi jayayya mai ma'ana, ya ce yanzu ai an auna, an rubuta, za a kafa turaku, aikin tsohon suna ya ƙare, gara a karɓi tayin iyalan attajirin a sami ruwa. Wata kansila ta amsa masa cewa takarda tana ɓata, ofis yana sauya hannu, turaku ana tumɓuke su, amma abin da yake bakin dubban mutane ba a sace shi da dare. A ganina ita ce ta fi kusa da gaskiya, kuma abin da ya biyo baya bai ƙaryata ta ba. Aka kaɗa ƙuri'a, rinjaye ya tsaya a kan cewa filin zai ci gaba da amsa sunan Bakin Burtali. Filin ƙwallon da ke cikinsa za a sa masa sunan da matasa suka zaɓa daga tarihi. Rijiyar kuma, idan iyalan sun haƙa ta, za ta ɗauki sunan mahaifinsu. An janye shingen zuwa kudancin tapkin, an bar gefen arewa a buɗe domin shayar da dabbobi, an kuma aika da hukuncin ga perefe domin ya duba dacewarsa da doka.

Akwai ɓangaren lamarin da ƙaramar hukuma ɗaya ba za ta iya warwarewa ba, kuma shi ne ya fi damuna. Burtali ba ya sanin iyakar ƙaramar hukuma. Wanda muke magana a kansa ya ratsa ƙananan hukumomi da dama kafin ya iso gare mu, ya kuma ratsa wasu bayan ya bar mu. Turakun siminti da aka kafa sun tsaya cak a inda iyakarmu ta tsaya, daga nan zuwa gaba hanyar ta sake tsukewa tsakanin gonaki. Makiyayin da ya taho cikin kwanciyar hankali a yankinmu, tafiyar sa'a ɗaya ta ishe shi ya sake shiga cikin fargaba. Haɗa ƙananan hukumomi su shata hanya ɗaya daga farkonta zuwa ƙarshenta aikin Kofo na gunduma ne da hukumomin jiha, yana kuma buƙatar kuɗin mota da na ma'auna da na siminti waɗanda galibi sai an sami wani shirin tallafi ake samunsu. An rubuta wa maƙwabtan takarda, sun amsa da fatan alheri, a nan maganar ta tsaya har aka rushe majalisun.

Game da filin shaƙatawar kuwa, sakamakon rabi da rabi ne. Iyalan attajirin ba su ji daɗin hukuncin ba da farko, amma sun cika alkawarin haƙa rijiya, sai dai an haƙa an tarar da dutse, ruwan da aka samu bai taka kara ya karya ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san ƙasar Damagaram, garin da ke zaune a kan dutse, wanda ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926, wanda kuma har yau daga nesa ake jawo masa ruwa, daga Gogo da Mashaya da Arunguza da Ganaram. An dasa itatuwan bedi ranar 3 ga Agusta, ranar bikin ƴancin kai da ake dashen itatuwa a duk faɗin ƙasa, amma da bazara ta yi tsanani yawancinsu sun bushe, in ban da ƴan kaɗan da matasan wata fada suka riƙa yi wa ban ruwa da jarkoki. Abin da ya yi albarka shi ne shawarar jami'in gandun daji, wanda ya ce a daina sare ƴan tohon gawo da ke fitowa da kansu, a riƙa yi musu sassabe ana barin reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, kamar yadda manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka yi har suka mayar da gonakinsu dazuzzukan gawo. Waɗannan ba su nemi ruwan kowa ba, saiwarsu ta riga ta yi zurfi, kuma wasu a cikinsu yanzu sun fi mutum tsawo.

Akwai waɗanda aka bari a baya, kuma wajibi ne a faɗa. Masu buga tubali an hana su ɗibar laka a gefen da aka kewaye, ba a kuma nuna musu wani wuri ba, alhali sana'ar da suke ci da iyalansu ke nan duk rani. Mata, waɗanda su ne suka fi kowa bin hanyar nan da ƙafa, kuma mace ce ta ceci lamarin gaba ɗaya da ta kai labari ruga, ba a kira su ko taro ɗaya ba a ƙofar gidan mai unguwa. Da an karanta taswirar da Hausa a bainar jama'a tun ranar farko, da an jinkirta tarurruka har makiyaya su gangaro, da watannin da aka kashe a kan suna an kashe rabinsu a kan ruwa.

Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawan gaske, irin wanda ya rushe tsohon masallacin Birni a farkon watan Satumba, ya kuma rushe gidajen laka masu yawa a jihar. Tapkin Bakin Burtali ya cika ya tumbatsa, ya malale filin ƙwallo, ya haɗiye ruwan da ke gangarowa daga sababbin unguwanni, kuma duk wanda ya tsaya a kan duwatsu ya kalli wurin a makon nan ya ga inda gidajen mutane za su kasance da an yanka filin an sayar. Wata ɗaya bayan haka, da labari ya zo cewa a Yamai an sauya sunan titin Sharl de Gol zuwa na Jibo Bakari, wasu matasa sun sake tayar da maganar a sa wa filin sunan wani gwarzo. Ina tare da su a kan cire sunan da mai mulkin mallaka ya ɗora, amma na gaya musu cewa Bakin Burtali ba Bature ne ya raɗa shi ba, kakanninsu ne, da Hausa, harshen da daga baya kundin tsarin ƙasa na 2025 ya ayyana a matsayin harshen ƙasa. Sun amince a bar shi, suka kuma tara kuɗi a tsakaninsu aka rubuta allo da boko da ajami.

Fayil ɗin yanzu yana hannun kantoma. Kujerun simintin ba a yi su ba tukuna, shingen kuma ya tsaya a rabi. A kakar da ta wuce an wayi gari an tarar da turaku biyu na kusa da tapkin a kwance, ba a san ko amalanke ce ta buge su ko hannu ne ya taɓa su ba. Mai unguwa ya sa na rubuta wa Kofo takarda, kafin amsa ta zo kuma shi da manomin nan mai gonar Bakin Burtali da wasu samari suka kwaɓa siminti suka mayar da su a ramukansu. Bayan sakin gonaki garken farko ya gangaro da hantsi, ya bi tsakanin turakun, ya sha a gefen arewa, ya kwana a gindin duwatsu, da asuba ya nufi kudu inda ba a riga an auna hanyar ba.